Shagon kifi a Jidda da ya ƙi sayar mini da sabuwar sikima

Shekara huɗu ke nan ina kiwon kifin teku da murjani a gidana da ke kudancin Jidda, cikin tanki mai cin lita 300 idan aka haɗa da ƙaramin tankin da ke ƙarƙashinsa. Tun ranar da na kai yara gidan kifi na Fakieh da ke bakin teku sha'awar ta kama ni. Kusan duk kayan da nake amfani da su daga shago ɗaya nake sayensu, wani madaidaicin shago da ke da ma'aikaci Bahaushe haifaffen garin nan, kuma abin da ya faru tsakanina da su a watan Yulin da ya wuce shi ne dalilin wannan rubutu.

Jan gansakuka ne ya mamaye mini yashi da duwatsu. Mun saba kiransa gansakuka, amma a gaskiya ƙwayoyin bakteriya ne da ke shimfiɗa kamar jan mayafi, har su kai ga shaƙe murjani. Na je shagon, wanda ke kan kanta ya miƙo mini garin magani, ya faɗa mini awonsa, ya ce in cire gawayin tace ruwa kafin in zuba, na biya na fito. Bai ce komai ba game da na'urar kumfa, wadda masu harkar ke kira sikima, kuma wannan shirun shi ne babban laifin da nake gani a wurinsu.

Ga wanda bai san ta ba, sikima tana tsotsar ruwa da iska ne a lokaci guda, injinta ya farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa masu ɗimbin yawa. Dattin da ya narke a ruwa, irin na kashin kifi da ragowar abinci, yana manne wa jikin kumfar, ita kuma ta hau ta wuyan na'urar ta zube cikin kofin da ke sama, inda take zama ruwa mai duhu da wari. A lafiyayyen yanayi kofina yakan yi kwana huɗu ko biyar kafin ya cika. A daren da na zuba maganin bayan sallar isha, bai yi minti goma ba ya cika da ruwa garau, murfinsa ya ɗaga, kumfa ta malala cikin kabad har ta jiƙa gefen darduma. Na cire filogi na kwanta, ina ganin na yi abin da ya dace.

Da asuba na tarar da kifaye biyu a saman ruwa suna buɗe baki da sauri, murfin kunnuwansu na bugawa babu tsayawa. A nan ne ma'aikacin nan Bahaushe ya fara nuna mini amfaninsa, domin ya ɗaga wayata tun kafin a buɗe shago. Da na gama bayani sai ya ce: "Baba, ka cire kofin gaba ɗaya, ka kunna ta, ka bar kumfar ta riƙa komawa cikin tankin ƙasa. Yanzu iska muke nema, ba tace datti ba." Ya bayyana mini cewa sikima ce ke shigar da mafi yawan iskar oksijin a tanki irin nawa, cewa bakteriyar da ke mutuwa tana cinye oksijin yayin ruɓewa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, abin da ya fi muni a bazarar Jidda. Na yi yadda ya ce, na kuma karkatar da injin igiyar ruwa ya riƙa kaɗa saman tankin, kafin azahar kifayen sun koma ƙasa.

Bayan awa 48 na canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan, wato lita 60, na mayar da kofin, amma ambaliyar ba ta tsaya ba. Sai na yi dabarar kaina, na jona tiyo a ƙasan kofin zuwa bokiti, ina zubar da abin da ya taru. A kwana na biyar na yanke shawarar cewa na'urar ta lalace, na koma shagon da niyyar sayen sabuwa, har na nuna wadda nake so. Ma'aikacin nan Bahaushe ya ce ba zai sayar mini ba sai ya zo ya ga ta gida, domin a cewarsa sabuwar ma ambaliya za ta yi a cikin wannan ruwan.

Ya yi alkawarin zuwa bayan la'asar, bai iso ba sai bayan isha, kuma bai kira ya sanar da ni ba. Wannan hali ne da ya kamata su gyara.

Aikin da ya yi kuwa ban ga abin kushewa a cikinsa ba. Bai fara taɓa sikimar ba. Ya ɗebi ruwan tanki a ƙaramar kwalba, ya girgiza ta sosai, ya ajiye a kan tebur, muka tsaya muna kallon yadda kumfar ta ƙi fashewa. Ya girgiza sabon ruwan gishirin da na haɗa a wata kwalbar, kumfarsa ta ɓace nan take. Da wannan ya nuna mini cewa ruwan ne ya canza, domin ragowar magani da abin da matacciyar bakteriya ta saki suna ƙara wa kumfa ƙarfi, don haka take hawa da ruwa mai yawa maimakon ta bushe a wuyan na'urar. Daga nan ya auna gishiri, ya ga ya sauka daga 1.026 zuwa 1.024. Dalilin shi ne dabarata ta bokiti, saboda na zubar da kusan lita 20 na ruwan gishiri a kwana uku, na'urar da ke cike gurbin ruwan da ya ƙafe kuma tana ta maye shi da ruwa marar gishiri. Ya ce in riƙa cikewa da ruwan gishiri a hankali na 'yan kwanaki, kada in gyara shi a dare ɗaya, don murjani ba ya son canjin gaggawa.

Sauran gyaran mai sauƙi ne. Ya wanke sabon gawayi ya sa a inda ruwa ke ratsawa da kyau, ya buɗe bawul ɗin fitar ruwa har ƙarshe, ya ɗora sikimar a kan ɗan dandamalin roba don ta ɗaga da kimanin santimita 5, ya ce in sake canza ruwa bayan kwana uku, in kuma sauya gawayin a lokacin. Ya ja mini kunne cewa ƙullun da ake manna murjani da shi, da wasu magungunan cire kulorin, su ma suna jawo irin wannan ambaliya. Kuɗin zuwansa da gawayin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashin na'urar da na nuna ba.

Mako guda bayan haka matsalar ta juye, kumfar ta faɗi ƙasa warwas, kofin ya bushe. Na mayar da na'urar ƙasa na rage bawul, duk da haka ba ta tashi ba. Wannan karon ni na kai ta shagon, ya kwance ta a gabana, ya nuna mini ƙofar shigar iska da gishiri da farar ƙasa suka toshe saboda kwanakin ambaliya. Ya jiƙa sassan cikin ruwan ɗumi da gishirin lemun tsami, irin wanda ake samu wurin masu kayan yaji, ya goge su da tsohon buroshin haƙori, bai karɓi ko riyal ɗaya ba. A wannan zaman ne ya duba takardar jikin injin ya tabbatar an rubuta 60, domin wutar Saudiyya tana tafiya ne a kan hats 60, wato yawan bugun wutar a daƙiƙa ɗaya, alhali ta Najeriya da Turai 50 ce, kuma injin da aka yi don 50 ba ya aiki daidai a nan. Duk mai yin odar kaya ta intanet ya kamata ya duba wannan lamba kafin ya biya.

Zan ci gaba da sayayya a wurinsu, kuma ina ba 'yan uwa masu wannan sha'awa shawarar zuwa, amma su nemi ma'aikacin da ke fita gyara, kada su tsaya ga na kan kanta. Na gaya wa mai shagon a fili cewa bai dace a miƙa wa mutum maganin jan gansakuka ba tare da an faɗa masa abin da zai yi da sikimarsa ba, ya saurare ni, ya ce zai yi wa yaransa magana. Sikimar ta ɗauki kwana uku bayan wankin kafin ta daidaita, yanzu kofin ya koma cika a kwana biyar da ruwa mai launin shayi.