Zaren buji ya cinye, an gyara mini ba a sauke kilas ba

Wannan zoben waya da ake kira Helicoil, wanda ake murzawa cikin ramin da zarensa ya cinye don ya zama sabon zare, ya fitar da ni kunya, shi ya sa nake son masu tsofaffin motoci a Maradi su san da shi. Corolla tawa ce ta tofar da buji ɗaya a hanyar Madarunfa, da ƙara kamar an harba bindiga. Da aka duba, zaren ramin ya cinye sarai. Kilas ɗin, wato kan injin inda ake ɗaure buji, alminiyam ne, buji kuwa ƙarfe, in yaron gareji ya ɗaure da ƙarfin tsiya ko ya sa shi a karkace, alminiyam ɗin ne ke bari.

Bakaniken da na saba da shi cewa ya yi sai dai in nemi kilas okaziyo, ko a cike ramin da walda a sake hudawa. Kun san abin da kilas ke ci yanzu. Wani direban taksi ne ya kai ni wurin wani dattijo mai injin gyaran ƙarfe can wajen Sabon Gari. Ya leƙa ramin, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan ba ta kai ga sauke kilas ba."

A gabana ya yi aikin. Ya cika taro, wato ƙarfen yanka zare, da giris don ɓarɓashin ya manne kada ya faɗa cikin silinda, yana murzawa kaɗan yana fitarwa yana gogewa, har ya yanka sabon zare mai ɗan faɗi. Sannan ya murza zoben ciki, ya karya ɗan harshen da ke ƙasa ya ciro shi, ya hura ramin da iska. Zoben na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, cikinsa kuma daidai da awon buji, milimita 14, don haka buji irin na da ya shiga lafiya lau. Tun lokacin na je Tasawa na je Ɗan Isa, ba tsiyaya, ba ƙara.

Sai dai akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Da aka zo ɗaure bujin, dattijon ya tafi salla, yaronsa ya ɗauko kile ya zura masa bututu zai danna. Wallahi sai da na riƙe masa hannu. Irin wannan ɗaurin ne fa ya jawo mini wahalar tun farko! Gareji guda ba kile mai awon ƙarfi, alhali buji irin wannan bai wuce a ɗaure shi wajen 25 Nm (awon ƙarfin ɗauri) ba. Kuma kuɗin da muka yi ciniki a kai, da aka gama sai aka ƙara, wai zoben daga Kano ake kawo shi.

Aikin dattijon ban da abin cewa. Amma in za ku je, ku yanke kuɗi har da na zoben tun kafin a taɓa motar, kuma ku ce shi da kansa zai ɗaure bujin.