Modil ɗin wutar Golf ɗina: sai da na saya sau biyu

Motata Golf 2 ce ta 1989, 'yar Kwatano, shekararta 11 a hannuna. A bazarar bana ta tsiro da wani hali: da safe bugu ɗaya ta tashi, amma in rana ta take, zafi ya haura digiri 40, sai ta mutu tana cikin tafiya kamar an zare makulli. Ka bar ta rabin awa ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Ranar da ta yi min haka a hanyar Mirya, da iyali a ciki, na san wasa ya ƙare.

Makanikina na Sabon Gari ya cire wayar buji, ya kara ta kusa da jikin inji, ya ce in buga. Babu ko ƙyas. "Maigida, ba karbirato ba ne, modil ne ya gaji." Wani ɗan baƙin akwati ne da bai kai tafin hannu ba, ɗaure a kan farantin alminiyom a ƙasan gilashin gaba, da ƙafafu 7. Aikinsa shi ne karɓar sigina daga dilko (mai rarraba wa buji wuta) ya katse wutar bobin a daidai lokacinta, a nan ne bobin ke mayar da volt 12 na batir zuwa sama da volt 20,000 da buji ke buƙata. A tsofaffin motoci filatin ke wannan aiki. Ban ga laifin nawa ba, ya haura shekara 30 yana shan rana.

A wani shago kusa da Kasuwar Dole aka ajiye min biyu: sabo dal a kwali mai ƙyalli jaka 6, da okaziyo na Bosch, duk ƙura, jaka 15. Mai shagon ya rantse duk ɗaya ne. Na ɗauki na arha, wani yaron garaji ya ɗaura min a gurguje don maigidansa ya tafi masallaci. Kwana 19 ya yi. Ashe arha ba ta ado.

Da muka kwance shi bayansa fayau, a bushe. Nan ne na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Akwai wani farin mai kamar man goge baki da ake shafa wa bayan modil kafin a manna shi da farantin, shi ke janye zafi daga cikinsa zuwa ƙarfen. Kwalin bai zo da shi ba, yaron bai nema ba, ni kuma ban san da shi ba. Don haka ba zan ɗora wa kayan laifi duka ba, ko da yake da na riƙe shi a hannu ɗaya, tsohon a ɗayan, sabon ba shi da nauyi sam, ƙafafunsa kuma sirara ne har soket na rawa a kansu.

Karo na biyu da tsohon modil ɗin na tafi a aljihu. Kama ba ta isa ba: akwai masu ƙafa 7 iri ɗaya sak, amma wani na dilko mai firikwensin Hall ne (ɗan abin da ke aika wa modil sigina) irin nawa, wani na mai maganaɗisu. Lambar da ke jikinsa muka bi ɗaya bayan ɗaya har ta dace da ta okaziyon Bosch ɗin nan, shi na ɗauka. Makanikin ya auna bobin da mita, ya ga bai kai om 1 ba (ma'aunin yadda waya ke tare wuta) kamar yadda ya kamata ga irin wannan tsari, domin bobin da ya ƙone a ciki yana iya cinye sabon modil. Ya kankare tsatsar wayar mas (wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota), ya shafa farin man siriri (wurin mai gyaran rediyo muka samo shi, ba wurin masu kayan mota ba). Na kuma kafa wa mai shago sharaɗi: a bar inji yana aiki minti 40 a rana tsaka kafin in biya. Ya yi tsaki, amma ya yarda.

Wata 4 ke nan. Na je Matamaye sau 3, na je Tanut na dawo da azahar, ba ta yi ko tari ba. Abin da ban so ba shi ne okaziyo ba shi da garanti, kuma babu wanda ya san shekarun da ya riga ya ci a Turai. Shi ya sa na bar wa mai shagon sallahu ya nemo min wani mai lamba ɗaya daga Ƙofar Ruwa in ya shiga Kano, in ajiye a akwatin gaba tare da sukurdireba da ragowar farin man.