Hattara da masu tallar 'yan kwikwiyo a intanet

Jama'a, duk mai shirin sayen kare ya tsaya ya karanta kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai masu buɗe shafi a Facebook ko Instagram su cika shi da hotunan 'yan kwikwiyo, yawancinsu hotunan sata daga shafukan masu kiwo na gaskiya. Kana yi musu magana za su ce saura ɗaya, wani ma ya riga ya taya, ka yi maza ka ba da kafin alƙalami. Da kuɗi sun shiga sai a fara tatsa. Yau kuɗin keji mai na'urar sanyi, gobe inshorar da wai za a mayar maka, jibi an tsare karen a filin jirgi sai an biya na allura. Wai kamfanin jigila ne ke turo saƙon, alhali su ɗin ne dai. In ka ja da baya, har barazana suke yi cewa za a hukunta ka don ka yi watsi da dabba. Kare kuwa babu shi tun farko, kuma ranar da ka daina turawa za a toshe ka.

Abin da ya fi saurin tona musu asiri shi ne ba sa tambayarka komai. Mai kiwo na ƙwarai sai ya tsare ka da tambayoyi: gidanka yana da fili? Akwai ƙananan yara? Wa zai riƙa fita da shi kullum? Yakan ma hana ka in ya ga ba ku dace ba. Ɗan damfara kuwa kowane kare a bakinsa "mai sanyin hali ne, yana son yara, ba ya zubar da gashi". Gwada shi. Ka ce ɗaki ɗaya gare ka, kana wuni wurin aiki, kana son Border Collie. Wannan karen kiwon tumaki ne, in bai samu aikin yi ba kujerunka zai yayyaga. Haka Siberian Husky, mai jan keken ƙanƙara, gashinsa ninki biyu, ga son gudu ga haura katanga. Belgian Malinois na 'yan sanda da sojoji ba karen ɗan koyo ba ne. Wanda ya ce maka duk ba matsala, kuɗinka kawai yake hange. Batun kare wanda sam ba ya tayar da borin jini ma romon baka ne, domin abin da ke jawo shi yana cikin yawu da ɓarɓashin fatar kowane kare.

Wasu kuma suna da karen, amma an raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, aka haɗo shi da katin rigakafi na bogi. Bayan 'yan kwanaki sai amai da zawo mai jini, alamar cutar parvo, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo da gaggawa. Irin wannan ne ya sa tun Afrilun 2020 Ingila ta haramta wa dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba.

Ba a cinikin biri a sama. Je ka ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi. In da nisa, a yi kiran bidiyo kai tsaye, a ɗaga shi ka gani, ba tsohon bidiyo ba. Saka hoton tallar a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga ko ya bayyana a wasu shafuka. Nemi sunan likitan dabbobin da ya sa hannu a katin, ka kira asibitin da kanka. Da ka ji an ce a biya da katin kyauta (gift card, katin sayayya da ake tura lambarsa) ko kuɗin kirifto na intanet, to ka kama gabanka.

Wanda ya riga ya tura, kada ya ƙara komai ko da sun rantse wannan ne na ƙarshe. Ya adana saƙonni da shaidar biya, ya sanar da bankinsa yau, ya kai rahoto ga 'yan sanda da kuma dandalin da ya ga tallar.