Tattakin Dutsen Bagazam: jagora nagari, ruwa mai warin fetur

Duk wanda zai biya kuɗin tattakin nan na Dutsen Bagazam, a yankin Agadas na ƙasar Nijar, da ake shiryawa daga Kano, ya fara tambayar jarkokin da za a ɗebi ruwa a ciki. Hanyar kam ba laifi: Daura, Damagaram, Tanut, Agadas, sai mota ta kai ku wajen Tabelot, a ɗora wa jakai kaya a hau da ƙafa. Ƙololuwar ta haura mita 2,000.

Ruwan ne ya ɓata mini rai. Cikin jarkoki masu lita 20 da masu shirya tafiyar suka kawo, wasu an taɓa zuba musu fetur. Roba tana riƙe warin fetur, ko da omo aka wanke ba ya fita, kuma da rana ta bugi jarkar a bayan jaki sai warin ya koma cikin ruwan. Mai hawan dutse yana buƙatar aƙalla lita 4 a yini, ban da na girki da alwala, amma ruwan da ke tayar da zuciya kurɓa ɗaya ake yi a ajiye. Ga hunturu, gumi na bushewa nan take, mutum ba ya jin ƙishi sosai, sai ciwon kai da jan fitsari su sanar da shi. Tun a yini na biyu mutane suka fara jan ƙafa. Ko ƙullin gishiri da sukari ba su zo da shi ba. Haba! Nawa sabuwar jarka take a kasuwar Sabon Gari?

Jagoran, wani Buzu, Allah ya saka masa da alheri. Yana tayar da mu bayan asuba, a yada zango kafin rana ta take, a ci gaba bayan la'asar. Da ya sunsuna jarkokin sai ya ratse da mu wani lambu, aka ɗebi ruwan rijiya aka tafasa, ya zuba a salka. Don shi kaɗai na so in ce kuɗin sun yi halinsu.

Sai na tuna da dare. An ce akwai kayan kwanciya, ashe bargo ɗaya ne kowa, a kan tudun da sanyin Janairu ke hana barci har asuba. Wannan ma ganganci ne. In za ka je, ka tafi da jarkarka sabuwa, da bargo na biyu, da hular sanyi, kuma takalmin ya zama wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi.