Gidan Holmes na titin Baker, da gardamar da muka yi a falonsa

Tun ina sakandare nake karanta labaran Sherlock Holmes, ƙagaggen mai binciken laifuka, don haka da Allah ya kai ni Landan, wurin farko da na ce wa ƙanina ya raka ni shi ne gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a 1990. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Baker Street tafiyar 'yan mintuna ce. An rubuta 221B a ƙofar, wato lambar gidan Holmes a labaran, kodayake ginin yana tsakanin lamba 237 da 241. A shagon tsaraba da ke gefe ake yankar tikiti, sannan a bi layi har gaban wani mai gadi sanye da kayan ɗan sandan zamanin Sarauniya Victoria.

Na ƙirga matakalar da bakina: 17 cif, kamar yadda take a labarin. Falon ƙarami ne, amma an cika shi da kulawa. Ga kujeru biyu suna fuskantar juna a gaban murhu, ga goge, ga lofe, ga kwalaben sinadarai a kusurwa. A bango akwai harufan V.R., taƙaicen sunan Sarauniya Victoria, da aka zana da ramukan harsashi, kamar yadda Holmes ya yi a labarin. Na daɗe ina kallonsu, raina fes.

Nan ƙanina ya tayar da magana. "Yaya, kin san akwai masu karatu da yawa da ke ganin soyayya ce tsakanin Holmes da Watson, ba abota kawai ba?" Ba da wasa ya faɗa ba, ya zo da hujjojinsa. Holmes da amininsa Dakta Watson, wanda ke ba da yawancin labaran, maza biyu ne da suka yi shekaru a gida ɗaya, Holmes bai taɓa aure ba. Dokar Ingila ta 1885 ta sa ana ɗaure maza kan irin wannan alaƙa, da ita aka yanke wa marubuci Oscar Wilde ɗaurin shekara 2 da aiki mai tsanani a 1895. Shi kuwa Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Holmes, ya san Wilde, sun ci abinci tare a otal ɗin Langham a 1889. Ko da Doyle yana nufin haka, in ji ƙanina, ba zai iya fitowa fili ya rubuta ba. Sai ya kawo labarin da aka harbi Watson a cinya, inda Holmes, mutumin da ba ya nuna komai a fuska, ya kiɗime har leɓɓansa na rawa.

Na saurare shi har ya gama, domin batun dokar gaskiya ne. Amma ban yarda ba, kuma gidan da kansa ya taya ni. Ɗakin kwanan Holmes yana manne da falo, na Watson sai an ƙara hawa bene. Watson ya auri Mary Morstan ya bar gidan, kuma da ya kawo albishir ɗin, Holmes ce masa ya yi shi ba zai taɓa aure ba, kada so ya karkatar masa da hankali wajen yanke hukunci. Irene Adler ma, mace ɗaya tilo da ta burge shi, Watson ya faɗa ƙarara cewa ba sonta yake ba. Doyle da kansa ya rubuta wa malaminsa Joseph Bell a 1892 yana kwatanta Holmes da injin lissafi wanda ba a sa ran zai faɗa soyayya. A cikin littattafai 4 da gajerun labarai 56, mutumin da nake gani shi ne wanda zuciyarsa ba ta karkata ga mace ko namiji ta wannan fuska ba, aiki ya cinye shi.

Harbin Watson kuwa shi ne wurin da na fi so a duk labaran, kuma yana min ciwo a ce sai an kira shi da wani suna kafin ya yi nauyi. Mutum ne ya ga jinin amininsa. "To ai Yaya, ke ma fassara kike yi," in ji ƙanina. Na ce haka ne, amma tawa tana tsaye kan abin da ke rubuce.

Saman bene akwai mutum-mutumi na kakin zuma da ke nuna wasu al'amuran labaran. Mun leƙa mun wuce. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasiƙun da mutane daga ƙasashe daban-daban suka aiko wa Holmes kamar yana raye.

Wanda bai karanta labaran ba zai gama zagayen da wuri. Wanda ya karanta, ya je da sassafe ya ba falon lokacinsa, kuma mai ciwon gwiwa ya sani an gina gidan ne a shekarar 1815, matakalarsa siririya ce. A shagon na saya wa ƙanina kundin labaran gaba ɗaya, na sa masa alama a shafin da Watson ya sanar da aurensa. Shi kuma ya karɓa ya sa tasa a shafin harbin.