Gargaɗi ga masu son ƙara wa kwamfutar gem ƙarfi: an fara sayar da furosesa da katin girafik na bogi

Jama'a dan Allah duk mai shirin canza furosesa ko katin girafik a kwamfutarsa ta gem ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗinsa. Akwai wasu mutane da suka shigo harkar nan ba don komai ba sai don cutar bayin Allah, kuma wlh yadda suke tsara abin sai ka rantse 'yan kasuwar kirki ne.

Ga yadda suke yi. Mutum zai shigo group na 'yan gem ya zuba hotuna, kwali sabo fil, da bidiyon kwamfuta tana buga gem lafiya lau, ya ce yana da furosesa Ryzen 7 7800X3D ko katin girafik RTX kaza a kusan rabin farashi, wai wani ne ya yi oda bai karɓa ba, saura guda biyu kuma akwai masu jira. Kana nuna sha'awa zai ce ka sa kafin alƙalami ya riƙe maka. Wanda ya fi mugunta shi ne mai cewa ka turo tsohon furosesanka da katinka ka yi ciko ya ba ka sabo, ka ga kenan ya haɗa da kuɗinka da kayanka masu lafiya, kai kuma ya bar ka da abin da ko kunnawa ba zai yi ba. Wasu daga karɓar kuɗi sai bulok. Amma masu wayon cikinsu suna turo kaya, saboda su ja lokaci har damar neman a dawo maka da kuɗinka ta wuce, to a kan waɗannan nake so mu tsaya.

Sunan da ke rubuce a kan furosesa ba shaida ba ne. Wancan ƙarfen da kake gani a sama murfi ne kawai mai ɗauke zafi, ainihin kayan aikin yana ƙarƙashinsa. Suna goge rubutun tsohon furosesa su buga sabo, ko su manna sitika mai kalar ƙarfe, har akwai waɗanda aka buɗe aka tarar ba komai a ƙarƙashin murfin, fanko ne. Kana karɓa ka juya bayansa ka duba. Furosesan kamfanin AMD masu shiga soket ɗin AM5 irin su 7800X3D ba su da allurai a jikinsu, bayansu shafe yake da ɗigo-ɗigon zinare guda 1718, alluran suna cikin soket ɗin madabod (babban allon da ake ɗaura kayan kwamfuta a kai), kuma murfinsu yana da yanke-yanke a gefe. Idan aka ce maka AM5 ne ka juya ka ga allurai tsaye cirko-cirko to magana ta ƙare, tsohon kaya ne aka sa wa sabuwar riga. Ka sa farce a gefen rubutun ma, na gaskiya da leza ake zana shi, ba ya ɓarewa.

Kuma kar wani ya nuna maka shafin About na Windows ya ce "ga shi nan i9 ne". Wannan sunan ana iya canza shi da hannu a cikin registry (ma'ajiyar saitin Windows), yaro ma zai iya. Ka sa CPU-Z (manhajar da ke nuna bayanan furosesa) da kanka, wanda ka sauke da hannunka ba wanda ya ajiye a kwamfutarsa ba, ka duba yawan kor (cores) da tired (threads) da girman cache, wato ɗan memorin da ke cikin furosesa. 7800X3D kor 8 ne, tired 16, cache ɗinsa na L3 kuma 96MB, in ɗaya ya saɓa ka tashi ka bar masa kayansa. In kuma ka ga an rubuta Intel Confidential a murfi ko manhajar ta nuna ES, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don sayarwa ba, ba waranti, wani madabod ɗin ma ba zai karɓe shi ba.

Wani abin da ke damuna sosai shi ne furosesan hannu na Intel ƙarni na 13 da 14, irin su i9-13900K da 14900K. Waɗannan na gaske ne ba jabu ba, amma a 2024 kamfanin da kansa ya tabbatar akwai matsalar wutar da ke yi musu yawa tana lalata su a hankali, ya fitar da gyara ta BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows), ya kuma ƙara shekara 2 a kan waranti. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba ne, wanda ya riga ya taɓu ba ya dawowa. To mara tsoron Allah sai ya ga nasa ya fara kashe gem yana kawo shuɗin allo, maimakon ya bi hanyar waranti sai ya sayar maka a matsayin "ɗan amfani kaɗan". Zai kunna, Windows zai hau, sai ka shiga gem mai nauyi ka ga abin mamaki. Kar ka saya ba rasit na asali, kuma ka matsa wa furosesan da Cinebench (manhajar gwada ƙarfinsa) ko gem mai nauyi na tsawon lokaci a gabanka.

Katin girafik kuwa abin ya daɗe. Suna ɗaukar tsohon kati GTS 450 na 2010 su canza masa BIOS ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1060. GPU-Z (manhajar da ke nuna bayanan katin girafik) yana kama da yawansu har ya rubuta FAKE a gaban sunan, ka kuma duba yawan shaders (ƙananan sassan katin masu zana hoto), GTX 1060 mai 6GB yana da 1280, shi kuwa GTS 450 192 ne kacal. Kafin ma ka kunna, in ka ga wancan shuɗin ramin VGA a bayan katin da aka ce 1060 ne ka yi shakka. Haka RX 580, na asali shaders ɗinsa 2304 ne, akwai mai 2048 da ake sayarwa da suna ɗaya ba a faɗa maka. Sannan tun da Ethereum (kuɗin kirifto) ta daina haƙa da katin girafik a Satumban 2022 katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, a wanke su a sa a kwali a ce sabbi ne. Manya irin RTX 4090 ma an ga waɗanda aka cire musu guntun GPU da memori gaba ɗaya, fanka na juyawa fitila na kamawa amma ba hoto. Ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su.

Haka ma SSD (ma'ajiyar fayil) mai cewa 2TB a farashin banza, manhajar H2testw mai gwada ainihin girmansa za ta tona shi.

Ni dai shawarata, ba a cinikin biri a sama. In gaba da gaba ne a ɗaura kayan a kwamfuta a gwada kana tsaye, ka haɗa lambar siriyal ta kwali da ta jikin kayan. In ta intanet ne ka biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi sai kaya sun iso, kar ka yarda ya ja ka gefe ku ƙarasa ciniki a DM wai don ya rage maka, kuma ka ɗauki bidiyo tun daga yanke kwalin ba tsayawa. Tsohon furosesanka kar ya bar hannunka sai sabon ya yi aiki.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kar ka goge chat ɗin don haushi. Ka adana hotunan tallan da shaidar biya, ka kai ƙorafi wurin bankinka ko manhajar da ka biya ta ciki tun da wuri, ka kuma sanar da admin na group ɗin su cire shi, don yawanci suna canza suna ne su dawo da hotunan nan dai.