Segundo ko Tres Cosas: wanne za a fara saya cikin faya-fayan Juana Molina?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin guda ɗaya ne a hannunka, ɗauki Segundo. Duka biyun ina da su a CD, amma ɗaya ne kwalinsa ya koɗe saboda yawan ɗauka.

Sai ka san inda matar ta fito za ka gane abin da ya sa kundin ya fita daban. Juana Molina 'yar Ajantina ce, haifaffiyar Buenos Aires, kuma mahaifinta Horacio Molina mawaƙin tango ne. A farkon shekarun 1990 kowa ya san ta a ƙasarsu, amma a matsayin 'yar barkwanci a talabijin, da shirinta Juana y sus hermanas. Tana tsaka da tashe ta ajiye shirin a 1994, ta ce waƙa za ta yi. Kundinta na farko, Rara, ya fito a 1996, Gustavo Santaolalla ne ya tsara shi, bai kuwa yi kasuwa ba. Mutane kan zo wasanta da niyyar shan dariya, in suka ga waƙa ce da gaske sai su sulale. Daga nan ta koma Los Angeles a Amurka, inda gidan rediyon KCRW yake sa waƙoƙinta, ta shiga naɗar sauti da kanta a gida. Abin da ya haifi Segundo ke nan, a shekarar 2000.

Kuma kunnenka zai ba ka cewa aikin gida ne. Jita ce ta katako, da kibod mai sautin da ke ɗan karkacewa kamar zai zame daga layi, sai murya ƙasa-ƙasa, ka ce tana gudun ta da wani daga barci. Takan ɗora muryarta a kan muryarta, ta yi ta juya 'yan kalmomi har ka rasa inda waƙar ta faro. Wannan haɗin na jita da na'ura ne 'yan jarida suka laƙaba wa folktronica. Wani dare da zafi an ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida da abin saurare a kunne, "El perro" ta shigo. Na ɗago kai ina neman karen maƙwabta, ashe haushin a cikin waƙar yake. Ba na jin Sifaniyanci, amma ban tashi daga tabarmar nan ba sai da faifan ya ƙare.

A gida Ajantina ba a kula Segundo sosai ba da farko. Mutanen Japan ne suka fara rungumarsa, sannan kamfanin faya-fayai na Domino ya sake fitar da shi a 2003. David Byrne, tsohon jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Talking Heads, ya ji shi, ya gayyace ta ta riƙa buɗe masa wasa a zagayensa na Amurka a 2004.

Tres Cosas na 2002 kuwa, to, ba laifi. Ya fi tsafta, ya fi natsuwa, har jaridar New York Times ta sa shi cikin kundaye goma da suka fi fice a 2004. Ni dai kafin ya kai rabi hankalina ya tafi wani wuri.

Gaskiya ɗaya: Segundo dogo ne, waƙa 15, ya haura awa guda. In kiɗan rawa ko na tuƙi kake nema, ba nan ba ne.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wani zai ce maka “bugun Japan ne, ba a samunsa”, ya ninka kuɗi, in kaya ya iso ka tarar da faifan da aka kwafa a kwamfuta da bango na fotokwafi. Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya ɗauko maka hoton bayan kwalin da na ƙasan faifan, ka ga sunan kamfani da lambar bugu. In ya fara kame-kame, rabu da shi. Masu tura waƙa a memori ma haka: sukan matse fayil har ƙananan sautukan nan su ɓace, alhali su ne daɗin kundin. In kuma faifan garmaho kake so, an sake gyara sautin Segundo an buga shi a 2021, a ƙarƙashin kamfanin Crammed Discs. Shi za ka nema.